Kayan lambun Jos: na takin gida ko na takin zamani?

A kasuwar Farin Gada ba wanda zai nuna maka takardar shaida cewa kabejinsa bai ga magani ba. Maganar mai kaya ce kawai, shi kuwa galibi sarowa ya yi, ko gonar bai sani ba. Takin zamani irin NPK ko yuriya ba shi ne abin tsoro ba. A bincika yaushe aka yi feshin ƙarshe, da kuma irin ruwa da takin da suka taɓa ganyen.

Kowane maganin feshi akwai kwanakin jira kafin girbi a rubuce a jikinsa. Inda ake samun matsala shi ne in farashi ya tashi: a fesa yau, jibi a ɗebe tumatir a loda mota. In ka ga farin gari-gari ya bushe a jikin tumatir ko tattasai, wuce gaba. Dankalin Bokkos da Mangu ma yana shan feshi da damina saboda ciwon ƙonewar ganye, amma shi a cikin ƙasa yake, ga shi ana ferewa a dafa, damuwarsa kaɗan ce.

Takin gida kuma ba a ba shi shaida ido rufe. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Shi ya sa a Amurka dokar noma marar sinadari ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbe abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Tokar juji da wasu masu lambu ke zubawa kuwa, in an ƙona tsofaffin batura a ciki, gubar dalma ta shiga ƙasa ke nan. Haka latas ɗin da aka shayar da ruwan kogin Dilimi bayan ya ratsa garin Jos: ko bai taɓa ganin feshi ba, sai an yi hattara.

Don haka in za a ƙara kuɗi don saye wajen manomin da aka san yadda yake noma, a ƙara a kan abin da ake ci ɗanye. A gida a cire ganye biyu ko uku na bayan kabeji, a kankare karas. Latas a ware shi ganye-ganye, a wanke a ruwa mai zuba, a jiƙa minti 10 a khal kofi ɗaya cikin ruwa kofi uku, sannan a ɗauraye da ruwan sha. Ban da sabulu. Wanki dai yana rage na saman fata ne, maganin da shuka ta riga ta zuƙa ba ya fita.

Wake shi ma a sa masa ido, domin a rumbu ake lalata shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. A sa hannu can cikin buhu a shinshina; in akwai warin magani a bar shi, a nemi wanda aka adana a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska.