Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da aka ce in riƙa motsa baki

Makon jiya na tsaya a inda aka ba ni baitin buɗewa a kwayar makaranta, wato ƙungiyar mawaƙanta, ina ɗan shekara 12. Na so in yi tsalle in faɗa shekarun koyarwa, sai Gwaggo ta kira ni ta ce muddin ban faɗi abin da ya haɗa ni da Malamin waƙa ba, to tarihin nan da saura. Ga shi nan, Gwaggo.

Shekara biyu ina layin gaba cikin 'yan sufurano, masu siririyar murya ta can sama, kuma ba yabon kai ba, in na ɗauki baiti ko tari ba a yi a zauren. Ina cikin ta 14 abin ya fara. Da safe in tashi murya a dishe kamar na kwana ina ihu, da rana ta washe, in na gaida Baba sai rabin gaisuwar ta fito da kauri, rabi ta tsere sama. Na ɓoye, ina shan ruwan ɗumi ina cewa mura ce.

Ran wata Laraba muna bita, saura kwana tara bikin ƙarshen shekara. Waƙar tana da wani wuri da take hawa daga sautin so zuwa sautin do na sama, wurin da nake hawa ido rufe. Na buɗe baki, sai wata ƙara ta fito kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo, daga nan kuma sai iska kawai. 'Yan alto suka fashe da dariya. Malam ya ɗage hannunsa daga piyano, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce, "Wane ne wannan?" Alhali ya sani sarai.

"Ni ne, Malam."

"Muryarka ta fashe. Koma layin baya. Daga yau ka riƙa motsa baki kawai, kada in ji sautinka."

Baitin nawa kuwa a take aka miƙa wa Auta, ƙanena ciki ɗaya. Ranar biki ina tsaye a bayansa ina kallon ƙeyarsa, ina buɗe baki ina rufewa kamar kifin da aka tsamo daga ruwa. Inna ta ce ta hango ni, wai na yi ƙoƙari. Har ta rasu ban gaya mata ba.

Kaka ce kaɗai ta gane, domin na daina rera waƙa in ina wanki. Ta kira ni ta ɗora yatsa a kan zakaran wuyana da ya fara turowa, ta ce, "Mai gida, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi." Haushi maganar ta ba ni a lokacin, don a ganina ni carar ce ma ta jawo mini. Shekara shida ban sake rera komai a gaban mutum ba. Abin da ya faru a shekarun nan babu na faɗa a ciki.

A kwalejin horon malamai ne wata malama ta tsare ni, don ta lura ina motsa baki a darasinta. Ashe abin ya zama mini jiki. Ta zaunar da ni gefen piyano ta ce in ƙirga daga 20 zuwa 1 da muryar hira, tana laluben sautin da yatsa ɗaya har ta same shi. Ta ce, "Kai ai bas ne, mai kakkaurar murya, wa ya hana ka?" Ita ta fara zana mini maƙogwaro a allo. Idan yaro ya doshi balaga, sinadarin maza yana sa akwatin murya ya girma, tantani biyun da ke kaɗawa a cikinsa su ƙara tsawo da kauri, har a namiji babba su kai milimita 17 zuwa 25. Doguwar tsirkiya sautinta ƙasa yake yi, shi ya sa muryar yaro ke sauka kusan hawa takwas, daga do zuwa do na ƙasa. Tsokokin da suka saba juya ƙaramin tantani sai su wayi gari da babba a hannunsu, kafin su gane kansa sai sun yi ta kuskure. Ƙarar da na yi ran Larabar nan ke nan. Babu abin da ya fashe, girma ne kawai ya zo mini ba sallama.

Sai na yi wa Malam adalci a nan, ko da yake shi bai yi mini ba. Ra'ayin a hutar da murya ba shi ya ƙago ba. Manuel García, malamin waƙar da ya leƙa maƙogwaronsa da madubi a 1854, yana kan cewa yaro ya yi shiru har muryar ta zauna. Likitan maƙogwaro na Landan, Morell Mackenzie, ya ja da shi, ya ce a bar yaro ya ci gaba da rerawa a hankali cikin iyakar da yake iyawa. To amma ko García bai ce a tsayar da yaro a gaban iyayensa yana wasan bebe ba. Da Malam cewa ya yi je ka huta ka dawo baɗi, da na tafi da mutuncina. Motsa bakin nan shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Da na karanta labarin Joseph Haydn, shahararren mai tsara kiɗa, sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗakin karatu. Yana yaron kwaya a babbar majami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya muryarsa ta fara sauka, Sarauniya Maria Theresa ta yi ƙorafin cewa yaron nan cara yake yi. Baitocinsa suka koma hannun ƙanensa Michael. A 1749, yana wajen shekara 17, ya datse wa wani ɗan kwaya kitson ƙeya da almakashi, aka zane shi aka kore shi. Ni ban datse wa Auta komai ba, amma na yi wata uku ba na amsa masa magana, kuma yaron bai san laifinsa ba. Auta, in kana karantawa, ka yafe. Kaka ba ta taɓa jin sunan Haydn ba, ga shi kuwa zakaranta ne sak.

Da na karɓi tawa kwayar, littattafan Amurkawa ne suka yi mini jagora. Irvin Cooper ya ware wa irin yaran nan layinsu na kansu, ya kira shi kambiyata, daga kalmar Italiyanci mai nufin abin da ya canza. John Cooksey ya bi wasu yara shekara uku yana auna muryoyinsu, ya nuna cewa saukar tana bin matakai biyar ne bi da bi, kuma kowane yaro da saurinsa. Akwai matakin da abin da yaro ke iya rerawa da daɗi bai fi hawa biyar ko shida ba. Nan ne malami rago ke cewa yaro ba ya jin kiɗa. Ni kuwa fensir nake ɗauka in sake rubuta masa layinsa cikin hawa biyar ɗin, ko in sauke waƙar gaba ɗaya. Duk bayan mako shida ina sa su ƙirga daga 20 zuwa 1, in rubuta inda kowa ya sauka a bayan rajista. Har gasa suke yi, wai wa ya fi yin ƙasa. In muryar wani ta tsere a bita, dokar ita ce ya ɗaga hannu a ci gaba, babu mai dariya.

Su ma 'yan mata suna da nasu, sai dai ba ya tashin ƙura. Tasu takan sauka kamar hawa uku, ta cika da iska don tantanin bai gama haɗewa ta baya ba. Malamar waƙa Lynne Gackle ta yi aiki sosai a kan wannan. Sai da Uwani, babbar 'yata, ta kai 13 na kama kaina ina ce mata ta ƙara ƙarfi mana, tana ta ƙoƙari idonta ya ciko. A daren ban yi barci ba, domin muryar Malam na ji tana fita daga bakina.

Na haɗu da shi sau ɗaya bayan shekara 23, a wajen wata gasa, ya tsufa yana dogara sanda. Yarana sun gama waƙa, takwas daga cikinsu 'yan kambiyata ne. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi sunana. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ai kai ne yayan wannan mai zaƙin muryar, ko?" Na ce ni ne, Malam. Na shirya magana tun ina ɗan 14, ga ta a bakina, sai aka kira mu karɓar sakamako.

Mako mai zuwa zan koma baya kaɗan, ga yadda Baba ya ƙi sa hannu a takardar kwaleji.