Whapmagoostui, garin da titi bai kai ba

Aikin jinya ne ya kai ni Whapmagoostui, gari mafi nisa a arewa cikin garuruwan ƙabilar Cree na lardin Kebek a Kanada. Titi bai kai can ba. Daga Montreal jirgin sama ake hawa. Kayan nauyi kuwa, su motoci da katako da mai, sai lokacin zafi ƙanƙara ta narke jirgin ruwa yake kawo su. Shi ya sa in ka shiga kanti ka duba kuɗin madara, sai ka mayar da ita a hankali.

Garin yana daidai inda kogin Great Whale ya faɗa tekun Hudson. Cree ɗin kimanin dubu ɗaya ne, kuma kafaɗa da kafaɗa suke zaune da ƙabilar Inuit, waɗanda ke kiran nasu ɓangaren Kuujjuarapik. Filin jirgi ɗaya, harshe daban, hukuma daban. Abin da ya ba ni dariya shi ne rairayi. Garin a kan yashi yake, har da tuddai kamar na hanyar Agadas, sai dai nan iskar da ke kwasar yashin tana yanka fuska.

A Janairu sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, gashin hancinka ma daskarewa yake. Rana kimanin awa bakwai ce a Disamba, kana idar da azahar la'asar ta taho. A Yuni kuma sai ka yi ta jiran magariba. Da ɗumi ya ɗan shigo, sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo su karɓi gari.

Lokacin da na fi so shi ne Mayu, sa'ad da dinya ke dawowa daga kudu. Makaranta kan rufe, iyalai su ɗaure kaya a babur ɗin ƙanƙara su tafi sansanin farauta, asibiti ya yi tsit. Dinyar a igiya ake rataye ta gefen wuta cikin tanti, tana juyawa, kitse na ɗiga a kwano. Tsofaffi mata ke kula da wutar, kuma ba a yi musu shisshigi.

Mutanen nan ba kanwar lasa ba ne. Da gwamnatin Kebek ta so datse koginsu don lantarki, a 1990 suka tuƙa kwalekwale har birnin New York suna ƙorafi, a 1994 aka jingine aikin. A Janairun 2013 wasu samari suka taka da ƙafa daga nan zuwa Ottawa, babban birnin Kanada, kilomita 1,600, suka isa a ƙarshen Maris. Kogin yana nan yana gudu yadda yake. Wutar da muke kunnawa a asibiti kuwa, injin dizal ne ke ba da ita.