Yadda na shuka ciyawar tsakar gida da iri a Kano

Lokacin da magina suka kwashe kayansu daga gidanmu da ke bayan garin Kano, abin da suka bar mana a gaban ɗakuna fili ne mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6, cike da ɓaraguzan bulo, daskararren siminti da jar marmarar da aka yi ciko da ita. Da hunturu ƙura ta hana shanya, da damina yara su kwaso taɓo har cikin ɗaki. Maƙwabta kusan duk sun daɓe nasu da siminti. Ni kuwa na san yadda daɓe yake riƙe zafi a watan Afrilu, har bayan isha'i yana huci, don haka na ƙudurta ciyawa zan sa.

Masu sayar da furanni a bakin titi galibi ciyawa mai saiwa suke sayarwa, wadda ake yankowa da ƙasarta a dasa. Ita ta fi saurin rufe wuri, amma kuɗin da aka yanka mini ya fi ƙarfina. Sai na koma neman iri. A nan ne mutum zai buɗe ido, domin ba kowane ƙunshi mai hoton koren fili ba ne ya dace da ƙasarmu. Yawancin waɗanda ake shigowa da su daga Turai na ƙasashen sanyi ne. Suna tsirowa da wuri, su yi shar, bazara na shigowa su ƙone ƙurmus. Wadda take jure ranar Kano ita ce kirikiri, wadda ake rubuta Bermuda a jikin ledarta. Ciyawa ce da muka saba gani tana yaɗo a gefen filayen ƙwallo, tana son rana, tana jure tattaki, in fari ya yi mata yawa ta bushe a sama saiwarta na nan da rai. Rabin kilo na saya, don kusan giram 10 ake ba kowace murabba'in mita.

Kafin in taɓa komai na kira kawuna, wanda ya tsufa a noman lambu a fadama. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar, ya ɗiga mata ruwa daga butarsa, ya murza a tafin hannu.

"Ɗana, wannan ciko ne. Ko ƙarangiya sai ta yi shawara kafin ta fito a nan."

"To Kawu, yaya za a yi?"

"Ajiye irin nan tukuna. Nemo diga."

Mafi yawan wahalar aikin a nan take, kuma duk wanda ya tsallake ta ya yi asarar irinsa. Muka fasa filin da diga, zurfin kamar taƙi guda, muka tsince duwatsu da ɓaraguzai muna lodawa a baro. Aka kawo baƙar ƙasar gona da ruɓaɓɓen takin shanu, muka cuɗa da fartanya. Kawu ya hana ni karɓar ɗanyen taki, ya ce yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. Sannan muka kafa turaku muka ja igiya, muka bi da manjagara, ta yadda filin ya ɗan gangara daga jikin bango zuwa rariya. Gangarar ba ta da yawa, ido ma da ƙyar yake ganinta, amma ita ce take hana ruwa kwanciya a gindin gini. Inda indararo ke zubo ruwa muka jera duwatsu, don ruwan saman kwano yana iya haƙa rami a dare ɗaya.

Da filin ya kwanta lif, zuciyata ta ce a watsa iri. Kawu ya ce a'a, a ba shi ruwa a bar shi haka nan. Cikin kwanaki kaɗan wurin ya yi kore da abin da ban shuka ba: tuji, harƙiya, guɗe-guɗe, da uwa uba aya-aya. Ashe takin shanu da ƙasar gona cike suke da 'ya'yan ciyawa. Muka kankare su sama-sama ba tare da mun sake juya ƙasar ba, don juyawa tana fito da wasu daga ƙasa. Muka ƙara ba da ruwa, wasu suka fito, muka sake kankarewa. Aya-aya ce kaɗai ba ta jin kankara. Tana da 'yan ƙwallaye baƙaƙe a ƙarƙashin ƙasa, sarƙe da juna da siririyar jijiya, in ka tsinke ganyen ka bar ƙwallon kamar ka yi mata aski ne. Da wuƙa na riƙa bin ta ɗaya bayan ɗaya ina tono su. A ganina wannan jiran na kusan wata guda shi ne ya ceci filin, domin jaririyar kirikiri ba ta iya kokawa da tuji, kuma in sun fito tare ba ka iya bambance su balle ka cire.

Na yi shuka a ƙarshen Yuni, bayan damina ta zauna amma kafin ruwan Agusta mai ƙarfi. Irin ƙanana ne ƙwarai, ba su kai gero ba ko kusa, in ka watsa su zalla sai su taru wuri guda. Na cuɗa su da busasshen yashi a bokiti, na raba biyu, rabi na watsa ina tafiya daga gabas zuwa yamma, rabi daga kudu zuwa arewa. Ba a binne shi. Bayan manjagara na ja a kai a hankali, na shimfiɗa faffaɗan katako ina takawa don irin ya manne da ƙasa, sannan na barbaɗa buntun shinkafa shara-shara, wanda ana iya hango ƙasa ta cikinsa. Buntun yana riƙe laima, yana kuma ɗan ɓoye irin daga kurciyoyi. Kajin uwargida kuwa sai da suka yi zaman akurki na makonni, kuma ba a yi hakan ba sai da aka kai ruwa rana.

Kafin tsiro, ƙa'idar ɗaya ce: kada saman ƙasa ya bushe, kada kuma ruwa ya kwanta. Ranar da ba a yi ruwan sama ba ina yayyafawa da safe, da azahar da kuma yamma, da butar ban-ruwa mai ƙananan huji. Tiyo ba ya yi a wannan mataki, ƙarfinsa yana kwashe iri. A cikin mako na biyu, da na duƙa da sassafe na kalli filin ta gefe, sai na ga 'yan siraran tsirai, kowanne da ɗigon raɓa a kansa, waɗanda in kana tsaye ba za ka gan su ba. Ba su fito lokaci guda ba. Wani ɓangaren ya riga wani da kusan mako, saboda haka kada mutum ya yi saurin cewa irinsa ya mutu.

Duk da lissafin lokaci, wani dare aka yi ruwa da iska wanda ya wanke kusurwar da ke kusa da rariya, ya tara tsiran a wuri ɗaya. Tururuwa ma sun yi jigilar nasu rabon a gefen katanga. Da ma na rage ɗan iri, sai na sake yafawa a wuraren. Amma ko ban yi ba, kirikiri tana da halin da ke rufa asiri: in ta kafu tana miƙa hannuwa a kan ƙasa, kowace gaɓa ta kafa sabuwar saiwa, har ta cike gurbi da kanta. Wannan halin ne kuma yake sa ta kutsa cikin furanni, shi ya sa na kewaye filin da jerin bulo da aka nutsa a ƙasa.

Da ta kai tsawon ɗan yatsa na yi mata yankan farko da babban almakashi, ina cire kashi ɗaya cikin uku kawai. Yankan ne yake sa ta yi kauri maimakon ta miƙe sama. Bayan kamar mako shida na ba ta yuriya 'yar kaɗan da yamma, na bi da ruwa nan take, domin in ta kwana a kan ganye ƙona shi take yi. Daga nan na sauya ban-ruwa: maimakon yayyafi kullum, sai in ba ta ta ƙoshi in bar ta kwana biyu ko uku, don saiwar ta bi laima zuwa ƙasa.

Abin da nake so duk mai sha'awar wannan aiki a Arewa ya lissafa tun kafin ya sayi iri shi ne ruwan rani. Daga Oktoba zuwa Afrilu kusan babu ruwan sama a Kano. Don ciyawa ta zauna kore tana buƙatar kamar lita 25 a kowace murabba'in mita duk mako, da bazara ma fiye da haka. Filina mai murabba'in mita 48 ke nan yana shan lita 1,200, wato jarka 48 ta lita 25. A unguwar da mutane ke jiran 'yan garuwa don samun na girki, ban ga dacewar in zubar da wannan don ado ba. Saboda haka na haɗa bututu daga wurin alwala zuwa filin, ana kuma zuba masa ruwan wanke shinkafa da kayan miya, ban da mai omo ko bilic. Rabin da yara ke wasa a kai shi nake ba ruwa. Ɗaya rabin ina barin sa ya yi ruwan toka da rani, kuma ruwan farko na sauka yake farfaɗowa.

Ƙarƙashin darbejiyar da ke kusurwa kuwa ta ƙi kamawa, don kirikiri ba ta son inuwa. Na daina ɓata iri a wurin, na zuba tsakuwa na ajiye benci.