Ƙanƙara ce ke ciyar da mu a Arjeplog

Ni dai sana'ata shara da wanki ce, kuma ba na ɓoyewa. Ɗan ƙaramin kamfani gare ni a Arjeplog, can ƙuryar arewacin Suwidin a yankin Norrbotten, ni da uwargida da ma'aikata biyu, in sanyi ya kama mu ƙara ɗaukar wasu na wucin gadi. Motar kaya ɗaya, injin wanki uku, sai tulin zannuwan gado da tawul da ni kaina ban san adadinsu ba.

In na gaya wa 'yan gida cewa duk ƙaramar hukumar mutanenta ba su kai 3,000 ba sai su ce to wa kake yi wa wankin? Gaskiyarsu ne. Ƙasa ce har fiye da murabba'in kilomita 14,000, tafkuna sun haura 8,000, ciki har da Hornavan wanda ya fi kowane tafki zurfi a ƙasar, mita 221, amma sai ka yi tafiyar awa guda ba ka ga hayaƙin gida ba. To sirrin a tafkunan nan yake. Tun shekarun 1970 kamfanonin mota suka gano cewa in ruwan ya daskare babu filin gwaji kamarsa, sai a share dusar ƙanƙara a fitar da hanyoyi a kan tafki, a zo da sababbin motocin da ba su shiga kasuwa ba an lulluɓe su da wani zane-zane baƙi da fari don kar a gane siffarsu, a yi ta gwada birki da taya da batir. Injiniyoyi kuwa dubbai, akasari daga Jamus, jirgi ya sauke su a garin Arvidsjaur a kwaso su a mota kusan kilomita 85. Otal ba ya isar su, shi ya sa 'yan gari ke ba da hayar gidajensu su koma wajen dangi ko ɗan gidan katakonsu na daji har bazara. Nan ne mu muke shigowa.

Daga Disamba zuwa ƙarshen Maris wlh ba ma ganin barcin kirki. Wannan rukuni ya tashi Juma'a, wani na sauka Litinin, a tsakani sai mun wanke gida tas, mun canza shimfiɗa, mun goge firji, mun kwashe kwalabe, mun duba ɗakin sauna, wato ɗakin wankan zafi, saboda kusan ko'ina akwai shi. Ga rana a Disamba ɗan leƙowa kawai take ta koma, ƙarfe biyu ka kunna fitila. Mota kuma dole ka jona ta da wuta da daddare ta ɗumama inji, in ba haka ba da safe a sanyin 30 ƙasa da sifili sai dai ka yi ta roƙonta. A hanya in ka ga baƙar leda ɗaure a sanda a gefen titi to rage gudu, alama ce dabbobin mutanen Sami, 'yan asalin yankin, suna kusa, barewar nan mai rassan ƙaho da suke kiwo, kuma ba ta san hon ba, tsayawa take ta zuba maka ido.

Shekarata ta biyu na sha wuya. Wani baƙo ya buɗe taga don shan sigari ya tafi ya bar ta haka, bututun ruwa ya daskare ya fashe, kwana biyu ruwa na kwarara. Mai gida ya ce yarana ne suka bari, ni kuma ba hujja, haka na rasa gidan. Tun ran nan kowane ɗaki sai an ɗauki hoto da waya kafin a kulle.

Wani lokaci ina tuƙi a titi mai lamba 95 da suke kira hanyar azurfa sai in tuna yadda garin ya samo asali. A 1635 aka fara haƙar azurfa a dutsen Nasafjäll kan iyakar Nowe, aka tilasta wa Sami jigilar kayan da dabbobinsu, a 1659 sojoji suka ƙetaro daga Nowe suka ƙona wurin, kuma dama abin bai kawo wata ribar a-zo-a-gani ba. Azurfar da ake gani a garin yau tana gidan tarihin da likita Einar Wallquist ya kafa, aka buɗe a 1965, kayan adon Sami ne jibge. Baƙinmu na tambaya ta ina za su je ran hutu, can nake tura su.

Haraji kam ba wasa, kashi 25 ake ɗorawa a kan kowane rasit. Abin da ke riƙe mu da bazara shi ne tsarin RUT, gwamnati ta ɗauke wa mai gida rabin kuɗin aikin shara, to tsofaffi na kiranmu wankin tagogi. Amma wannan kuɗin cefane ne kawai, ga sauro kamar a fadama, ga dare babu duhu, lissafin lokacin salla ma sai da dabara.

Yanzu abin da ke hana ni sukuni Nuwamba ce. In aka yi ɗumi ruwa bai kama da wuri ba, masu share tafki ba za su hau ba, injiniyoyi su ɗaga zuwansu, ni kuma na riga na yi wa ma'aikata alkawarin albashi. Kullum da asuba kafin in sha shayi sai na leƙa ma'aunin sanyin da ke jikin tagar kicin.