Shekarar da na yi ina bin sawun farin bado

Malaminmu na nazarin tsirrai ya ba ni tafkuna shida, ya ce in gano inda farin bado yake da inda babu shi. Na ɗauka aikin mako biyu ne. Kafin in fita na duba jerin halittun da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ke tantancewa, na ga Nymphaea lotus, wato farin bado, yana rukunin waɗanda babu fargaba a kansu. Tsiron da ya bazu daga Masar har kudancin Afirka, wa zai wahala nemansa?

Kuskurena na farko shi ne fita da tsakar rana. Ashe furen farin bado da dare yake buɗewa, hantsi na ɗagawa ya tsuke bakinsa. Shuɗin bado kuwa da rana yake baje kolinsa, don haka shi kaɗai na riƙa rubutawa. Sai da na daina dogara da fure na koma kama ganye da hannu, ruwa har cinya. Ganyen farin gefensa haƙora-haƙora ne kamar zarto, idan ka kifa shi jijiyoyi sun fito raɗau. Na shuɗin gefensa kusan sumul yake.

Da rani ya yi nisa tafki biyu suka ƙafe, laka ta tsattsage, na rubuta "babu" da ƙwarin gwiwa. Wani dattijo masunci da ya ga ina rubutu ya tambaye ni, na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce, "Yaro, barci yake." Ya soka sanda a laka ya tono saiwa baƙa, dunƙulalliya, ya ɗora min a tafin hannu. Da damina ta sauka ganye ya lulluɓe ɗaya daga cikin tafkunan biyu har ba ka ganin ruwa.

Ɗayan fa bai dawo ba. Injin ban ruwa ya zuƙe shi, aka nome wurin. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a jerin duniya ko ɗigo bai canza ba, domin hukuncin can a kan jinsin gaba ɗaya ake yanke shi, ba ruwansa da tafki guda.

Daga nan na fara karanta labarin danginsa. A Romaniya, kusa da birnin Oradea, akwai wani nau'in farin bado da ke rayuwa a tafkin Peţea mai ruwan ɗumi, ya shiga tasku da ruwan ya ja baya. Na Ruwanda ya fi ban tausayi. Nymphaea thermarum, bado mafi ƙanƙanta a duniya, ganyensa kan yi santimita ɗaya kacal. A 1987 masanin tsirrai Eberhard Fischer ya gano shi a bakin wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a Mashyuza. Wajen 2008, bayan an karkatar da ruwan don noma, aka neme shi aka rasa. Lambunan tsirrai na Bon a Jamus da Kew a Ingila suka riƙe irinsa, sai a 2023 aka sake ganinsa a Ruwanda.

A rahotona na goge kalmar "babu" daga ko'ina. Kowane tafki na rubuta watan da na je, da ƙarfe nawa, da zurfin ruwa, da ko na tona laka. Na shidan ne kawai na rubuta masa: yanzu gonar albasa ce.