Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zanen da Na Riƙe

Assalamu alaikum. Waɗanda suka biyo ni tun farko za su tuna kashi na 13 ya fito ne a watan Agustan 2021. Na bar ku ina 'yar shekara bakwai, tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, riƙe da gefen zanen Inna, na ce mako mai zuwa za mu shiga jirgi. Makon nan bai zo ba sai yau. Ku gafarce ni, kuma hakkinku ne ku ji dalili.

Ba ni kaɗai nake rubuta labarin nan ba. Duk daren Alhamis sai na kira Inna a Ƙaura, ni ina Zariya, in karanta mata abin da na rubuta, ita kuma ta yi ta gyara. Ba ta lissafin shekara da lamba. Sai ta ce, "A'a, wannan shekarar da soja suka canza kuɗi ne," ni kuma in rubuta 1984. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke," shi ke nan, ko kuma "waccan" idan da wani take magana.

Ranar 3 ga Satumba 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kafin nan an riga an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Mutanen Gusau suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya su koma, ba a jima ba ita ma Funtuwa aka yanke nata. Na san abin da mutanenmu suke gani a hannun ɓarayin daji, ban ƙi a ɗauki mataki ba. Amma Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo, ina kallon waya kamar dutse.

A mako na uku wani direba ya aiko yaro daga tasha da takarda. Yaron maƙwabta ne ya rubuta, layi biyu: "Inna ba lafiya. Ta ce a gaya wa waccan ta zo." Takardar ta kwana huɗu a aljihun direban, ba da gangan ba, motarsa ce ta lalace. Da asuba na kama hanya, Funtuwa, Tsafe, Gusau, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a. Na isa Ƙaura na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ranar ake sadakar uku. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Daga baya layi ya dawo. Lambarta tana nan a wayata har yau. Sau da yawa na zauna in ci gaba, sai in rubuta jimla ɗaya in tsaya, don ba wanda zai ce mini a'a. Wasu cikinku sun yi ta cigiya, na ga saƙonninku, bakina ne ya yi nauyi.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaida Gwaggo, ƙanwar Baba. Da la'asar ta ce in raka ta, muka bi ta tasha. Nan layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun 1929, nan Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana lodin gyaɗa da auduga. Jirgi ya daɗe bai zo ba, awaki ne ke kiwo tsakanin ƙarafan. Na ciro waya na karanta mata kashi na 13.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yar nan, ai ba zanen uwarki kika riƙe ba, nawa ne. Ina ita ina tsayawa kusa da ke a gaban jama'a? Tana can baya da ƙullin kaya, tana ta ce mini, ki riƙe ta da kyau, kar ta matsa bakin dogo."

Na karanta wa Inna wannan wurin da bakina, daren Alhamis ɗin ƙarshe da muka yi magana. Ta gyara mini kuɗin tikiti, ta gyara mini launin tulun da muka ɗauka. Da na zo kan zanen ta yi shiru, sai ta ce, "To, ci gaba."

A bakin dogon na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar sadakar uku. Gwaggo ba ta hana ni ba.

Ban gyara kashi na 13 ba, yadda Inna ta bar shi haka zai zauna. Yanzu Gwaggo nake kira daren Alhamis, kunnenta ya yi nauyi, sai na ɗaga murya har yara su leƙo. Ta ce jirgin ya makara ranar, sai bayan azahar ya taso, kuma a Gusau na fara kukan yunwa. Daga nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.