Inda Maganar Taransfonda Ta Kwana a Gilaidarmu

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyon tuƙa jirgi mara inji. Ga inda muka kai a zaɓen taransfonda, wato na'urar da ke amsa wa rada, don gilaidar (jirgi mara inji) da muka haɗa kuɗi muka saya, ni da abokina, a nan yammacin Amurka.

Ga wanda bai zo wannan gaɓar ba tukuna: rada ta ƙasa tana aiko tambaya a kan mita 1030 MHz, na'urar ta amsa a kan 1090, ta faɗi lambarta da tsayin da jirgi yake. Manyan jirage ma suna da TCAS, na'urar kauce wa karo a sama, ita ma tambaya take yi, kuma wanda bai amsa ba, a wurinta ba ya sama. Sau da yawa za ka ji ana cewa a fili, "ai muna da FLARM." Gaskiya ne FLARM, na'urar gargaɗin karo wadda aka ƙirƙiro a Suwizalan a 2004, tana aiki sosai tsakanin gilaida da gilaida, amma jirgin fasinja ba ya jin ta sam.

Dokar Amurka ba ta tilasta wa gilaida ɗaukar taransfonda a mafi yawan sararin da muke shawagi ba, tunda ba mu da injin da ke ba da wuta. Abin da ya sa muka yarda mu kashe kuɗin duk da haka shi ne karon ranar 28 ga Agusta, 2006, kusa da Minden a jihar Nevada. Jet ƙirar Hawker 800XP yana saukowa zuwa Reno, ya yi karo da gilaida ƙirar ASW 27-18 a tsayin kusan ƙafa 16,000. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba: matuƙin gilaidar ya diro da lema, jet ɗin kuma ya sauka a kan cikinsa a Carson City. Abin lura, gilaidar tana da taransfonda, amma a kashe take, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne matuƙin yana tattalin batir saboda rediyo.

Shi ya sa na fara lissafi daga batir, kafin in kalli sunan kamfani. Namu na gargajiya ne, mai bolt 12 da amfiya-awa 7, kuma tuni rediyo da bariyo (ma'aunin saurin hawa da sauka) da FLARM da kwamfutar tafiya suke sha daga gare shi. Ga sanyin can sama yana rage masa ƙarfi. Wani dattijo a filinmu ya yi mana tayin tsohuwar taransfonda irin Mode C, mai faɗin lamba da tsayi kawai, a araha, na yi masa godiya na bari. Irinta tana buƙatar wani akwati daban mai auna tsayi, wasunsu har da hita a ciki. Araha ba ta ado, musamman in za ta sa hannunka ya riƙa ƙaiƙayin kashe ta bayan awa uku.

Sai ya rage biyu, duka na kamfanin Trig da ke Edinbara: TT21 da TT22. Dukansu Mode S ne, wato sabon tsarin da kowane jirgi yake da lambarsa ta dindindin, ma'aunin tsayi yana cikin ɗan kan da ke shiga ramin milimita 57 a allon gaba, kuma wutar da suke ja ba ta kai rabin amfiya ba. TT21 mai wat 130 ce, an ƙayyade mata ƙafa 15,000. TT22 mai wat 250 ce, ba ta da wannan iyaka. Abokina ya so ƙaramar, a cewarsa ɗan koyo ina shi ina ƙafa 15,000? Amma a gefen tsaunukan Sierra Nevada, iska mai ɗumi ta bazara kaɗai takan kai mutum sama da haka, balle igiyar iskar tsauni. Kuma ADS-B Out cikakke, wato jirgi ya riƙa watsa inda yake da kansa, bisa dokar Amurka ta 2020 sai da mai ƙarfin. TT22 muka ɗauka, tare da batir na biyu.

Eriya ce ta fi ba mu aiki. Cikin gangar jirginmu akwai zaren kabon, shi kuwa yana tare siginar rediyo, don haka ba halin ɓoye ta a ciki. Dole ɗan sanda mai kimanin santimita 7 ya fito ta ƙasa. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin jirgin da tocila da tef, ina liƙa guntun fensir a bayan taya, abokina yana tura gangar cikin tirela a hankali don mu ga ko zai goge. Wuri na farko fensirin ya karye a bakin tirela, sai da muka matsa gefe kaɗan, nesa kuma da eriyar FLARM.

Abin da ya rage: makaniki mai lasisi ya haɗa wayoyi da bututun iska, ya shigar da lambar jirgin ta Mode S, ya yi gwajin da doka ta ce a maimaita duk wata 24. Daga nan mu saita 1202 a taransfondar, lambar da gilaida ke amsa wa rada da ita a Amurka. Ku da ke Turai ku tambayi malamanku, can 7000 aka fi sani. Wanda ya riga ya koma batirin LiFePO4, wani nau'in batirin litiyam, don Allah ya faɗa mana yadda yake yi masa a cikin sanyi, domin shi ne abin da za mu saya nan gaba.